Yadda zaka tada tsohon filen ɗin katako ya koma aiki

Jama'a duk wanda ya gaji tsohon filen irin na da, abin nan da kafinta ke turawa a kan katako yana fere shi ya yi sumul, wanda jikinsa gaba ɗaya katako ne in banda wuƙar, ko kuma ya tsinto shi a wajen 'yan gwangwan, dan Allah kar yayi saurin cusa shi a murhu. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau, datti ne da tsatsa da wuƙar da ta dakushe, sai kuma iskar hunturu da ta tsotse katakon. Kuma tun yanzu bari in faɗi abinda ke kashe su a hannun masu gyara, wato mutum ya ɗauko samfefa ya hau goge jikin tun kafin ya duba wuƙa da weji, ɗan katakon nan da ake cusawa ya danne wuƙar. Gogar katako ita ce aikin ƙarshe, kuma kaɗan ake yi.

A nan Jos ba abin mamaki bane ka ci karo da irinsu, garin da Turawan haƙar kuza da 'yan mishan suka daɗe a cikinsa, ga makarantar koyon sana'a a Bukuru da ta yaye kafintoci, ai dole kayan aiki su saura a akwatunan tsofaffi. In ka samu ɗaya ka goge goshinsa ta gaba da ɗan yatsa da yawu, sau da yawa zaka ga tambarin wanda ya ƙera, wani lokacin har da sunan mai shi na farko an buga da ƙarfe. A saman wuƙar ma akwai tambari, in kaga Sheffield to daga Ingila take, maƙera irin su Marples da Sorby da Ward duk 'yan can ne, Mathieson kuma na Glasgow ne. Jikin na Ingila yawanci itacen bic ne, mai tauri mai ƙananan ɗigo-ɗigo a jiki. Na Jamus kuma zaka gane shi da wani ƙaho da yake da shi a gaba inda ake riƙewa. Filen ɗin ƙarfe da muka saba gani yanzu ya bazu ne bayan kamfanin Stanley na Amurka ya sayi fasahar Leonard Bailey a 1869, a hankali ya ture na katako, amma ni dai a ganina ba don ya fi shi yanka bane, don ya fi sauƙin saiti ne ga ɗan koyo. Na katako baya da nauyi, yana santsi a kan allo, zaka wuni kana tura shi kafaɗarka bata mutu ba, kuma in an ɗauke wuta injin filenin ya tsaya kai aikinka bai tsaya ba.

In saye zaka yi, ka fara sanin wane iri ne a hannunka. Gajere ɗinnan mai inci 7 zuwa 8 wanda cikinsa ya ɗan kumbura ta gefe na gyara fuska ne a ƙarshe. Jak filen yakan kai inci 14 zuwa 17, shine na cin katako da sauri, kuma shi nake ba mai farawa shawara don baya da tsirfa. Dogon mai inci 20 zuwa sama na miƙar da gefen allo ne kafin a haɗa da gam. Sannan ka juya shi ka duba kumatun nan biyu da suka riƙe weji, in sun tsage har ƙasa to ka ajiye masa abinsa, sai dai in wuƙar kaɗai kake so. 'Yar tsagewa a goshi ko a baya ba komai bace. Ka duba ƙananan ramuka na ƙwaro, ka buga shi a tafin hannu, in gari mai laushi yana zubowa to da rai a ciki, kar ka kai shi kusa da katakonka sai ka magance. Wuƙar kuma ka kalli bayanta, wato ɓangaren da yake a shimfiɗe, kusa da baki. Tsatsar sama ba matsala bace, amma in ta ci rami-rami masu zurfi a daidai wurin, duk wasan da zaka yi bakin zai riƙa fitowa da giɓi. Weji in babu ana iya sassaƙa sabo amma aiki ne, don haka ka rage kuɗi sosai.

Toh yanzu cire wuƙa, kuma nan ne ake yiwa filen illar da bata gyaruwa. Kar ka sa filaya ka ja wejin, kar ka daki kansa ta gefe da guduma kana girgiza shi, kumatun zasu fashe. Ka riƙe filen ɗin da hannun hagu, babban yatsanka a cikin ramin da wuƙar ke zama yana tare wuƙar da wejin don kar su faɗo maka a ƙafa, sai ka ɗauki gudumar katako ka daki bayansa, wato ƙarshen da ke wajenka in kana aiki, duka mai kyau sau biyu sau uku. Girgizar ce ke sa wejin ya saki da kansa. In jak ne ko dogo, a saman hanci ake duka, gaban ramin, wasu ma zaka ga an dasa musu wani ɗan maɓalli na katako ko ƙarfe a wurin don dukan. In ya ƙi, kar ka ƙara ƙarfi har ka fasa, ka ɗiga kananzir ta gefen wuƙar ka barshi ya kwana, gobe ka sake gwadawa, ko ka kife shi ka buga saman hancin a kan benci. Baka da gudumar katako? Ka ɗora guntun katako a wurin ka daka da ta ƙarfe.

Wani abu kuma da ya shafe mu musamman. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, daga Disamba zuwa Fabrairu iska ta bushe ƙayau, a watan Agusta kuma ruwa ba ƙaƙƙautawa har kaya basa bushewa a igiya. Katako yana bin wannan, ya tsuke da hunturu ya buɗe da damina, ƙarfe kuma yana nan yadda yake. Shi yasa zaka ga wuƙa ta maƙale ƙam a cikin ramin, jikin ya matse ta ta gefe biyu, kuma yawancin tsagewar kumatu daga nan take. In ka cire taka da kyar, kar ka mayar da ita haka. Ka ɗan rage faɗinta ta gefe da magagari ko dutse, ko ka kankare bangon ramin kaɗan da cizal, har sai tana da wurin motsi kamar milimita ɗaya dama da hagu, dama kana buƙatar wannan sararin wajen saiti. Kuma in filen ɗin daga wani wuri mai laima ya zo maka, ka ajiye shi a shagonka sati ɗaya ko biyu ya saba da iskar wurin kafin ka taɓa ƙasansa, in ba haka ba ka daidaita yau jibi ya sake karkacewa.

Wankin jiki ba wani dogon zance. Tsumma da ɗan kananzir, tsohon buroshin haƙori don lungu, ka goge baƙin maiƙon nan. Banda jiƙa shi a ruwa, banda samfefa a gefe da sama, wannan duhun da ya yi na hannun mutanen da suka riƙe shi ne kuma baya hana yanka. In mariƙin yana girgiɗi ka ciro shi, ka kankare tsohon gam, ka sa farin gam irin su Top Bond ka ɗaure ya kwana. 'Yan tsage-tsage ka ɗura musu supa gulu. Ramukan ƙwaro ka ɗura musu kananzir ko maganin gara da sirinji ka ware shi gefe ka ga ko garin zai sake fitowa. Bayan nan ka shafa man linsid siriri in ka samu a wajen masu fenti, ka bari ya sha, ka goge ragowar. Wasu na shafa baƙin mai na mota, wallahi kar ka yi, zai riƙa ɓata maka duk farin katakon da ka taɓa kuma gam bazai ƙara kama wurin ba. Man gyaɗa ma a'a, yana ɗanko yana wari daga baya. Kar mai ya taɓa inda wuƙa ke kwanciya da fuskar weji, wurin so ake ya kama ba ya zame ba. Tsumman linsid ɗin kuma ka baza shi a waje ya bushe, in ka dunƙule shi ka jefa cikin dusar katako yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, kuma kowa ya san abinda gobara ke yi a wurin katako.

Yawancin wuƙaƙen biyu ne a haɗe, ita mai yankan da marfinta da aka ɗaure da sukuru mai faɗin kai. Ka nemi sukundireba babba wadda ta cika tsagar, ƙarama zata cinye kan ne kawai. In ka raba su ka jiƙa a ruwan khal, wato binega, ya kwana, da safe ka goge da buroshin waya, ka ɗauraye da ruwa mai ɗan bekin soda, ka busar nan take ka shafa mai don tsatsa na dawowa cikin mintoci. In tsatsar bata yi yawa ba samfefa da kananzir ma sun isa.

Sai wasa wuƙa, wanda in ka iya shi ka gama rabin aikin, in baka iya ba duk sauran wahalar banza ce. Ka fara da baya. Ba duka zaka goge ba, inci ɗaya daga baki ya isa, ka kwantar da ita a kan dutsen wasa ka danne da yatsu kana kaiwa da komowa har sai wurin yayi haske iri ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Yana cin lokaci amma sau ɗaya ake yinsa a rayuwar wuƙa. Amma fa ka duba dutsen naka tukuna, irin wanda ya shekara a shago tsakiyarsa ta lotsa bazai taɓa baka baya a miƙe ba, gara ka manna samfefa a kan gilashi mai kauri ko tayil, ka fara da lamba 120 ka hau 240, 400, har 1000 ko sama in ka samu irin ta masu fentin mota. Daga nan ka juyo gangaren, wato ɗaya ɓangaren da aka fere a karkace ya sauko zuwa baki. Ana fere shi a kan digiri 25 sannan a wasa ɗan bakin a kan 30. Baka da abin awo ba damuwa, tsawon gangaren ya ɗan fi kaurin wuƙar sau biyu, kusan nan ne. Ka kwantar da gangaren a kan dutse har ka ji ya zauna, ka ɗaga baya kaɗan, ka kulle wuyan hannunka, jikinka ne zai riƙa tafiya ba hannu ba. Kar ka tsaya sai ka shafa bayan da yatsa ka ji wani ɗan ƙaiƙayi ya taso tun daga wannan gefe har wancan, in babu shi a wani wuri to wasan bai kai baki ba a wurin, ko da kuwa yana ƙyalli. Sai ka kife ta ka share shi a dutse mai laushi, ka ƙarasa a kan guntun fata, ja baya kawai.

In bakin ya ɓalle sosai dole sai an kai injin wasa, ka tsaya a kan mai yin, kofin ruwa a gefe, ya taɓa ya tsoma ya taɓa ya tsoma. Da zarar kaga bakin ya koma shuɗi to ya ƙone, taurin ya tafi, sai an cinye wurin gaba ɗaya. Tsofaffin wuƙaƙen nan da yawa ƙarfe biyu aka haɗa, siririn mai tauri a baya da mai laushi a jiki, in ka wasa da kyau har layin haɗin zaka gani a gangaren, kuma ta wajen baki sun fi kauri. Wuƙar jak ana ɗan lanƙwasa bakinta, tsakiya ta fi gefe fitowa kaɗan, don ta ci da yawa ba tare da kusurwa ta tsaga layi a allo ba. Ta gajeren kuma a miƙe, sai dai ka ɗan kashe kusurwoyin.

Marfin nan mutane na raina shi alhali shine ke karya ɓawon da wuƙa ke ferowa kafin ya tsage katako. Ka ɗaura shi ka ɗaga sama wajen haske ka leƙa ta gefe, in kaga haske tsakanin bakinsa da bayan wuƙa to nan ɓawo zai riƙa cusa kansa filen ya shaƙe. Ka goga ƙasan bakin a dutse har ya zauna ɗaf. A jak ka ja shi baya milimita 1 zuwa 2 daga bakin wuƙa, a gajere kuma ka matso da shi sosai, rabin milimita ko ƙasa da haka.

Yanzu ka mayar da wuƙar cikin ramin, gangaren yana kallon ƙasa, marfi a sama, ka danna ta da yatsu a kusurwa huɗu. In tana rawa to shimfiɗar da take kwance a kai ba daidai take ba, kuma wannan ne ke sa filen yayi ta karkarwa yana barin ƙananan layuka. Ka shafa fensir sosai a ƙasan wuƙar, ka saka, ka ɗan motsa, ka cire, inda baƙi ya fito a katakon nan ne tudu, ka kankare shi da cizal kaɗan kaɗan. Haka zaka yiwa wejin, ka ga yana kama kumatu biyun daidai, ba ɗaya ya kama ɗaya yana lilo ba. Weji mai kyau da turin babban yatsa ma yana fara kamawa, ɗan duka ɗaya ya ƙarasa. In sai ka yi ta jibgarsa kafin ya riƙe to bai zauna bane, ba ƙarfi yake so ba. Ƙafafunsa biyu da suka sauka ƙasa ma ka duba, in sun karye ko sun ɗago ɓawo zai riƙa sarƙewa a wurin, ka fere su su kwanta.

Sai a nan ne zamu zo kan ƙasan filen. Ka saka wuƙa da weji ka ɗaure kamar zaka yi aiki, amma ka ja wuƙar ciki yadda bazata leƙo ba, saboda matsin weji yana ɗan tanƙwara jikin, in ka daidaita ba tare da shi ba aikin banza ka yi. Ka zana layuka da fensir a ƙasan gaba ɗaya, ka goga a kan samfefa 120 da ka manna a gilashi ko tayil, 'yan turi kaɗan ka ɗaga ka duba. Ba sai duk fensir ya goge ba. Wuri uku ake so su taɓa, hanci, gaban baki daf da inda wuƙa ke fitowa, da baya. Da sun goge ka tsaya, don duk abinda ka ci a ƙasa bakin filen, wato tsagar da wuƙa ke leƙowa, ƙara faɗi yake. A jak baki mai faɗi ba laifi bane, dama ɓawo mai kauri zai fitar. A gajere ne yake damu, kuma maganinsa a fafe gaban bakin a dasa guntun katako mai tauri irin ƙirya da gam, amma wannan ka bari sai hannunka ya faɗa.

Saiti da guduma ake yi, ƙarama. Ka ɗora filen a kan allo mai laushi, ka zura wuƙa har ta taɓa allon, ka tura weji da yatsa ka ɗan buga. Ka kife shi ka leƙa ta hanci, farar takarda ko bango mai haske a bayansa, zaka ga wuƙar ta fito siririn baƙin layi. Kana so ta ƙara fitowa, ka taɓa kanta ta sama. Ta yi yawa, ka daki bayan filen ta koma, sannan ka sake taɓa weji don duk dukan baya yana sassauta shi, wannan kar ka manta. Gefe ɗaya ya fi fitowa, ka taɓa kan wuƙar ta gefe har layin ya daidaita. Ka fara da kaɗan ka riƙa ƙarawa, fitar da ita ya fi mayar da ita sauƙi. Ranar farko zai baka haushi, bayan 'yan kwanaki kunnenka ma zai riƙa gaya maka, ƙarar dukan tana canzawa in weji ya kama.

Wajen aiki ka kafa katakon da kyau, ko ƙusa ka buga a benci ta tare shi, kuma ka duba ƙusa da yashi a jikinsa musamman in tsohon katakon rufi ne ko wanda ya sha ƙasa a kasuwar Katako, tsakuwa ɗaya ta isa ta mayar da kai kan dutse. Ka tsaya ƙafa ɗaya gaba, ka tura da jiki. A farkon allo nauyinka a hanci, a ƙarshe ka mayar da shi baya, in ba haka ba bakin allon biyu zasu zaizaye tsakiya tayi tozo. Ka bi yadda zaren katakon ya kwanta, kamar shafa bayan akuya ne, ka bi gashi ya kwanta ka saɓa ya tashi, in kaga yana tsagewa ka juya allon ka zo ta ɗaya ɓangaren. Maɗaci kuwa ko ta ina ka zo sai wani layi ya saɓa maka don zarensa a sarƙe yake, shi sai wuƙa mai kaifi sosai, marfi a matse, ci kaɗan kaɗan, ka ɗan karkata filen ɗin yana tafiya a kaikaice. Iroko yana dakusar da wuƙa da wuri, wani lokacin har wani abu mai kama da dutse zaka tarar a cikinsa, ka ajiye dutsen wasa kusa. Obeche laushi gare shi amma wuƙa mara kaifi murƙushe shi take maimakon yanka. Malaina in ɗanye ne, kuma sau da yawa haka ake sayar da shi, ka jingine shi ya bushe, in ba haka ba gashi-gashi zai riƙa yi. Ka goga kyandir a ƙasan filen layi biyu uku zaka ji bambanci nan take. Ɓawon ma kar ka ƙona, masu kiwon kaji suna nema don shimfiɗa.

In yana shaƙewa ka duba marfi da ƙafafun weji, kuma da tsinke ake zaƙulo ɓawon ta sama, ba da ƙusa ko cizal ta baki ba. In yana karkarwa, ko wuƙar ta dakushe ko ta fito da yawa ko bata kwanta ba. In kuma yana ci a bakin allo ya ƙi ci a tsakiya, kafin ka zargi filen ka ɗora rula a kan allon, wataƙila shine ya lotsa. In wuƙa na guduwa ciki kana cikin aiki to mai ya taɓa weji, ka goge da kananzir ka shafa masa alli.

In ka tashi daga aiki ka ɗan daki bayansa weji ya saki, musamman in zai kwana biyu ba'a taɓa shi ba ko yanayi na shirin juyawa, ka share wuƙar da tsumma mai ɗan mai. Kar ka barshi a rana ko a kan siminti ko ƙarƙashin kwanon da ke yoyo, cikin akwati ko kan kanta ya fi. Farkon hunturu da farkon damina ka ɗora rula a ƙasansa ka leƙa, in ya motsa ka ɗan taɓa shi da samfefa, wuƙa a ciki weji a ɗaure.